Garin Azurfa Na Masana'antu: Yadda Za Ka Zaɓe Shi, Ka Adana Shi, Ka Yi Liƙi Da Shi

Wanda bai san shi ba, in ya buɗe kwalbar, sai ya ɗauka toka ce ko siminti. Gari ne mai ruwan toka, wani lokaci ya ɗan ja zuwa ruwan ɗorawa, kuma ba ya ƙyalli ko kaɗan. Sai ka ɗaga kwalbar sannan hannunka zai gaya maka gaskiya, don 'yar kwalbar da ba ta fi ta man shafawa ba za ta yi maka nauyin da ba ka zata ba. Azurfa ta ninka ruwa nauyi sau goma da rabi, ko an niƙe ta ma nauyin yana nan.

Na rubuta wannan jagora ne saboda masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, da maƙeran fari, da masu liƙa haƙoran injin yanka, da duk wanda aikinsa ya kai shi ga sayen garin gaurayen azurfa. Kaya ne mai tsada, kuskure a kansa asara ce ta kuɗi, wani lokacin ma ta lafiya.

Me ya sa ake mai da azurfa gari

A cikin dukkan ƙarafa babu wanda ya kai azurfa saurin wuce da lantarki da zafi. Sai dai tana da laushi, kuma ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 962 a ma'aunin Salsiyas. Shi ya sa ake gauraya ta da wasu ƙarafa. Abin mamakin shi ne, jan ƙarfe sai a digiri 1085 yake narkewa, amma in ka haɗa azurfa kashi 72 da jan ƙarfe kashi 28, gaurayen zai narke a digiri 780, ƙasa da kowannensu. In aka ƙara tutiya da kuza sai ya ƙara sauka. A kan wannan sirri aka gina duk sana'ar liƙin azurfa.

Akwai kuma ƙarafan da ko ka narka su ba sa yarda su haɗu da azurfa. Tungusten misali ne, shi da sai a digiri 3422 yake narkewa. Dabarar masana'antu ita ce su danne garinsa a cikin mazubi, su gasa shi ya zama kamar soso, sannan narkakkiyar azurfa ta tsuma cikin ramukansa. Irin waɗannan 'yan ƙwayoyi ne ke bakin manyan makatsan wuta, inda tartsatsi ke tashi duk lokacin da aka katse lantarki. A ƙananan makunnai, irin waɗanda ke ƙara ƙas-ƙas a cikin sitabilaiza, za ka tarar da azurfa da nikel, ko azurfa da tsatsar kuza, su ma yawanci daga gari aka yi su.

Siraran layukan nan farare da ke kan faifan sola ma azurfa ce. Kwaɓin garinta ake bugawa a kan faifan silikon, a gasa shi a wajen digiri 800. Likitocin haƙori sun daɗe suna kwaɓa garin azurfa da kuza da jan ƙarfe da zaiba don cike ramin haƙori, ko da yake yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ƙasashe suna janyewa daga wannan saboda gubar zaiba. Waɗannan duka aikin manyan ma'aikatu da asibitoci ne. Wanda ke zuwa hannun mai shago shi ne garin liƙi, kuma a kansa zan tsaya.

Mataki na farko: san ƙarafan da za ka haɗa

Kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka me da me za ka liƙa. Amsar ce ke zaɓa maka gari.

Jan ƙarfe da jan ƙarfe, irin bututun firji: gaurayen jan ƙarfe da fosfaras da 'yar azurfa ya wadatar. Sanannensu shi ne mai lamba BCuP-5, azurfa kashi 15, fosfaras kashi 5, sauran jan ƙarfe. Fosfaras ɗin da kansa yake cinye tsatsa, don haka ba ka bukatar maganin liƙi, wato abin da ake shafa wa mahaɗa don ya hana ta tsatsa a wuta.

Amma kada ka kusantar da wannan gauraye ga baƙin ƙarfe ko ƙarfe mai nikel. Wannan darasi da asarar wata baiwar Allah na koye shi, kuma har yau yana damuna. Ina yaron shago aka kawo firizar wata mata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. Na liƙa bututun jan ƙarfe da bututun kwandensa na baya da mai kashi 15, liƙin ya fito sumul, gwaji bai nuna yoyo ba. Ba a yi wata guda ba girgizar kwampireso ta tsaga shi kamar ƙwai, gas ya tsere, kayan matar suka lalace a tsakiyar zafin bazara. Maigidana bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko maganaɗisu ya ɗora a kan bututun, ya manne caraf. Ya ce, "Ka gani? Wannan baƙin ƙarfe ne aka yi wa riga. Daga yau kada ka kunna wuta sai ka tambayi maganaɗisu." Dalilin shi ne fosfaras in ya haɗu da baƙin ƙarfe yana haifar da wani siririn ɓawo mai gautsi a daidai mahaɗar, ido ba ya ganinsa.

Don haɗa jan ƙarfe da baƙin ƙarfe, ko tagulla, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, nemi mai azurfa da yawa wanda babu fosfaras a cikinsa. Wanda na fi amincewa da shi shi ne BAg-7: azurfa 56, jan ƙarfe 22, tutiya 17, kuza 5. Yana fara narkewa a wajen digiri 620, ya gama kafin 655, yana gudu kamar ruwa, launinsa kuma fari ne, yana sajewa da ƙarfen da ba ya tsatsa. Don haƙoran zarto da injin yanka na kabayid, wato ƙarfen nan mai tsananin tauri, ana son mai ɗan nikel, irin BAg-24 mai azurfa 50 da nikel 2, saboda nikel na taimaka masa ya kama fuskar kabayid. Mai kashi 72 da 28 kuwa na tanda ne wadda aka zuƙe iskarta, ba a cika bukatarsa a shago ba. Alminiyam ba ya cikin wannan lissafi gaba ɗaya, don shi kansa a digiri 660 yake narkewa.

Mataki na biyu: karanta takardar kaya, ba bakin mai kaya ba

A nan gizo yake saƙa. Za ka ga an rubuta "tsafta kashi 99.9" a jikin kwalba, mutum ya ɗauka azurfa ce zalla. A garin gauraye ba haka ake nufi ba. Ana nufin ƙarafan da aka ambata su ne suka cika kashi 99.9 na abin da ke ciki, ƙazanta ba ta wuce kashi 0.1 ba. Gari na iya zama mai tsafta 99.9 alhali azurfarsa kashi 15 ce kawai. Saboda haka lambobi biyu kake nema: kason azurfa, da kuma jerin ƙazantar da ta rage.

Ka nemi takardar gwajin wannan rukunin kayan, mai ɗauke da lambar da ta yi daidai da ta jikin kwalba. Ka duba ko an ambaci ƙa'idar da aka bi, AWS A5.8 ta Amurka ko ISO 17672 ta ƙasa da ƙasa. Sannan idonka ya sauka a kan abu uku: kadmiyam, dalma da oksijin. Dalma tana sa liƙi gautsi. Yawan oksijin na nufin ƙwayoyin garin sun riga sun yi tsatsa, za su dunƙule su ƙi gudu.

Kadmiyam kuwa maganar rai ce. Tsohon gauraye mai lamba BAg-1 na ɗauke da shi har kashi 24, kuma gaskiya yana da daɗin aiki, shi ya sa aka daɗe ana sonsa. Amma kadmiyam a digiri 767 yake tafasa, zafin da bakin wutarka ke wucewa cikin ƙiftawar ido. Hayaƙinsa ba ya wari mai tsanani da zai kore ka. Mutum zai gama aiki lafiya ƙalau, bayan sa'o'i numfashi ya fara gagararsa, huhu ya tara ruwa. Wanda kuma ke shaƙa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, ƙodarsa ce ke biya. Tarayyar Turai ta hana shi a kayan liƙi tun ƙarshen 2011, amma ba a daina yinsa a duniya ba. In mai kaya ya kasa nuna maka a rubuce cewa babu kadmiyam, bar masa kayansa, ko da rabin farashi ya yi maka.

Mataki na uku: girman ƙwaya da siffarta

Da rariya ake auna gari, kuma gwargwadon girman lambar, gwargwadon laushin garin. Rariya mai lamba 100 tana barin ƙwayar da ta kai maikiron 150 ta wuce, mai lamba 200 maikiron 75, mai lamba 325 maikiron 45. Maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya. In ka ga D50 a takarda, girman da rabin ƙwayoyin ba su kai shi ba ke nan.

Mutane na ɗauka mafi laushi shi ne mafi kyau. A aikin wutar gas ba haka ba ne. Gari mai laushi ƙwarai yana da faɗin fuska mai yawa, yana saurin tsatsa a cikin wuta, kuma yana tashi a iska ya shiga hanci. Tsakanin lamba 100 da 200 ya ishi aikin shago. Mai 325 na wanda zai matsa kwaɓi ta siririn bakin sirinji ne.

Siffar ƙwaya daga yadda aka yi garin take. In an fesa narkakken ƙarfe da iskar naitirojin ko agon, ƙwayoyin na fitowa a mulmule kamar gero, suna zuba sululu, oksijin ɗinsu kaɗan. In da ruwa aka fesa, suna fitowa da kusurwoyi, sun fi araha, sun fi kama juna in an danne su. Akwai masu faɗi kamar ɓawon kifi, waɗannan na fenti da gam masu wuce da lantarki ne, kada ka saye su don liƙi.

Lissafin kuɗi

Da awon tiroyi ake sayar da azurfa a kasuwar duniya, wato giram 31.1, kuma farashin Landan ake bi. Duba farashin ranar, ka raba shi gida 31.1, ka sami kuɗin giram ɗaya. Giram 100 na gari mai kashi 56 na ɗauke da azurfa giram 56. In kwaɓaɓɓe ne, tambayi kason ƙarfen da ke ciki. A ce kashi 70 ne: giram 100 na kwaɓi ƙarfensa giram 70, azurfarsa kuma giram 39 da ɗoriya. Duk wanda ya sallama maka kaya a ƙasa da kuɗin azurfar da ya ce tana ciki, to ba ta ciki.

Sayi kaɗan ka gwada tukuna. Goge guntun jan ƙarfe, ɗora ɗan gari da maganin liƙi, zafafa daga ƙasa a sarari. Gari mai kyau zai narke gaba ɗaya ya baje da siririn baki. Marar kyau zai dunƙule kamar kashin awaki, ko ya bar baƙin gari a tsakiya. In ka ga hayaƙi mai ruwan ƙasa-ƙasa, janye wuta ka matsa nesa, alamar kadmiyam ce. Rashin ganinsa dai ba shaida ba ce. In za ka sayi mai yawa, kai samfur wurin masu na'urar XRF, irin wadda wasu dillalan zinariya ke da ita, ta karanta maka ƙarafan da ke ciki.

Ajiya

Babban abokin gabar azurfa farar wuta ce, ita ke mai da ita baƙa. Tana cikin hayaƙin janareta, da robar ɗaure kaya, da warin kwata, har da ƙwai da albasa. Bar garin a kwalbarsa, toshe ta da kyau, saka ta cikin wata robar mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi, musamman da damina. Yi wa kowace kwalba cokalinta. Ƙwayoyi kaɗan na dalmar liƙin rediyo in suka faɗa ciki sun isa su ɓata kwalba guda. Kwaɓaɓɓe kuma yana da wa'adi, zafin shago na busar da shi, don haka kada ka tara fiye da na 'yan watanni.

Liƙin kansa

Fara da daidaita mahaɗa. Liƙin azurfa ba cike rami ba ne. Narkakken ƙarfen yana tsuma ne cikin tsaga, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, kuma ba ya yin haka sai tsagar ta yi ƙunci, tsakanin milimita 0.05 da 0.13, kusan kaurin takarda. Bututu ɗaya ya shiga cikin ɗaya, zurfin shigar ya kai aƙalla ninki uku na kaurin ƙarfen da ya fi siranta. In bututu na rawa a cikin ɗan'uwansa, gyara shi tukuna.

Sai wanki, kuma a jere yake: cire maiƙo da asiton, sannan ka goge tsatsa da samfefa. In ka fara da samfefa, cusa maiƙon za ka yi cikin ƙarfen. Bayan ka goge kada yatsa ya sake taɓa wurin.

Maganin liƙi ya dace da zafin garin. Maƙeran fari sun saba da boras, kuma yana yi musu aiki a gaurayen da ke son wuta sosai. Amma boras sai ya haura digiri 740 yake narkewa, ka ga mai kashi 56 zai narke ya yi tsatsa boras bai farka ba. Nemi farin maganin liƙin azurfa. Akwai baƙinsa, na kabayid da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ya fi jure doguwar wuta. Ni nakan kwaɓa gari awo uku da magani awo ɗaya a sikeli, in ɗiga ruwa mai tsafta har ya yi kaurin man goge baki, kuma na yini ɗaya kawai nake kwaɓawa. Shafa zallan magani siriri a fuskokin biyu, haɗa su, sannan ka zagaya bakin tsagar da kwaɓin.

In firji ne, tabbatar babu sauran gas a ciki. Yawancin sababbin firji na gida R600a suke amfani da shi, kuma yana kamawa da wuta kamar gas ɗin girki. Sannan ka bar naitirojin na bi ta cikin bututun a hankali lokacin liƙi. In ba haka ba cikin bututun zai yi baƙin ɓawo, ya ɓare daga baya ya toshe siririn bututu.

Yanzu wuta. Daidaita harshenta kada oksijin ya yi yawa, ta yi laushi ba tsini ba. Ƙarfen za ka zafafa, ba kwaɓin ba. Wannan shi ne bambancin gari da sandar liƙi: in ka haska wuta kai tsaye a kan kwaɓi, zai bushe, iska ta watsar da shi, ko ya narke ya mulmule a kan ƙarfe mai sanyi. Fara daga ɗan nesa, ka fi ba ɓangare mai kauri wuta, kana kewayawa ba tsayawa.

Ka sa ido a kan maganin, shi ne ma'aunin zafinka. Da farko zai tafasa ruwansa ya fita. Sai ya kumbura ya yi fari kamar auduga. Sai ya kwanta ya yi kamar madara. A wajen digiri 600 zai koma garau kamar ruwa, ka hango ƙarfen yana sheƙi a ƙarƙashinsa. Daƙiƙoƙi kaɗan bayan nan garin zai yi ƙyalli farat ɗaya, ka ga wani farin zare ya zagaye mahaɗar ya nutse ciki. Matsar da wuta zuwa gindin mahaɗar, don narkakken ƙarfe zafi yake bi, sannan ka janye. A inuwa ƙarfen bai kamata ya wuce ja mai duhu ba. In ya yi jawur, ka ƙona maganin, tutiya ta fara tashi, liƙin zai fito da 'yan ramuka. Jan ƙafa ma illa ne ga gaurayen da ke da tazara mai faɗi tsakanin fara narkewa da gamawa, irin mai kashi 15 da ke farawa a wajen 645 ya gama a 800: mai saurin narkewar zai gudu ya bar ƙwarangwal a baya.

Duk wannan a wuri mai iska za ka yi shi, iskar na kaɗa hayaƙi daga fuskarka. Farin maganin na ɗauke da fuloraid, hayaƙinsa na cin hanci da ido, hayaƙin tutiya kuma na kawo zazzaɓi da daddare. Sa tabarau da takunkumi mai matatar ƙura, ba ƙyalle ba. Kada ka ci abinci a teburin aiki, kada ka tafi gida da rigar aiki. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a Zamfara a 2010, lokacin da niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya hallaka ɗaruruwan yara. Ƙurar ƙarfe ba ta da wurin zama inda yara ke rarrafe.

Bayan an janye wuta

Kada ka motsa aikin sai jan ya mutu. Daga nan wanke ragowar magani da ruwan zafi da buroshi, don in ka bar shi zai jawo danshi ya ci ƙarfen, kuma yakan toshe ƙaramin yoyo ya ɓoye shi har sai kaya sun koma hannun mai su. Kabayid kam kada ya ga ruwa. Miƙewarsa a zafi kusan rabin ta baƙin ƙarfe ce, sanyin gaggawa na tsaga shi. Binne shi a busasshen yashi ko toka ya huce da kansa.

Duba mahaɗar ta kowane gefe, ka sa madubi a bayan da ido ba ya kaiwa. Liƙi mai kyau siririn zobe ne mai santsi da ya ɗan lotsa ciki, kuma in kana iya ganin ɗaya bakin, ya kamata ka ga azurfar ta leƙo. Tudun ƙarfe a waje ba ƙarfi ba ne, kuɗi ne ka zubar. Kafin ka koma kan aikin mutane da sabon gari, liƙa guntaye biyu na gwaji, ka yanka su a tsaye da zarto, ka ga iya inda ya shiga. Gwajin matsi kuma da naitirojin da ruwan sabulu ake yinsa. Kada ka taɓa cusa oksijin, haɗuwarsa da man kwampireso fashewa ce.

Abu na ƙarshe, shimfiɗa faranti a ƙarƙashin wurin da kake kwaɓi. Busasshen kwaɓi, da ɗigon da ya faɗi, da guntayen gwajin da ka yanka, da tsumman da ka share cokali, duk akwai azurfa a jikinsu. Ware musu gwangwani, mai fosfaras daban, marar fosfaras daban, ka rubuta kason azurfar a jikin kowanne. In ya taru, kai wa masu tace ƙarfe, ka auna shi a sikelinka kafin ka fita daga shago.